Lahadin da Santiral Ya Tafi Hutu

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Lahadi, wayar ofishinmu ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Wanda bai san ofishin ba zai ce to sai me. Mu kaya muke aikawa, daga Jidda zuwa Kano da Yamai da Bur Sudan, kuma a ƙasar nan Lahadi ce farkon mako. Duk Hajiyar da ta kwana biyu tana tunanin ƙunshin abayoyinta, Lahadi da safe take sauke mana tunanin. Kullum kafin in ajiye jaka waya ta fara. Ranar kuwa har numfashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, nake ji.

Sunana Sadiyya. A iƙamata, wato katin izinin zama, an rubuta mai shara. A ofis ni ce mai ɗaga waya, ni ce mai shayi, ni ce wadda ake kira in firinta ta cinye takarda. Makaranta a aji biyu na mutawassiɗ, ƙaramar sakandare, muka rabu da ita, saboda takardu. Sauran abin da na sani a bidiyon waya na koya, wajen Misirawa da Indiyawa masu bayani da hannu. Duk benenmu a unguwar Bani Malik, in intanet ya ɗauke, ƙofarmu ake bugawa.

Ba Hajiyoyin abaya ne damuwata ba. Ummana, Azumi, yanar ido ta rufe mata na dama, na hagu ma ya kama hanya. Wata bakwai sunanta yana jerin masu jira a wani asibitin ido na jam'iyyar taimako. Sun ce za su kira ranar Lahadin nan, tsakanin takwas da sha biyu, su ba mu ranar aiki. Sau uku suke kira. In ba a ɗaga ba sai su wuce na gaba, mu kuma mu koma ƙarshe. Layin wayata an dakatar da shi tun da iƙamata ta ƙare, ana kan sabuntawa, Umma kuwa da ma nawa take amfani da shi. Sai na ba su lambar ofis. Na ga ai ni ce zaune a gindinta daga bakwai da rabi har la'asar. Ban gaya wa mai ofishin ba.

Lokacin da na ba da lambar ban san Allah zai aiko mana da Injiniya Nuraddeen ba.

Sati biyar ke nan da zuwansa daga Abuja a kan kwangila. Mai ofishinmu, Ustaz Abdulbaƙi, ya haɗu da shi a wata walima, ya dawo yana cewa layukanmu na da sun tsufa, yanzu manyan kamfanoni ta intanet suke waya. Ranar Alhamis Injiniya ya zo da kwat, a cikin zafin Jidda, da igiya a wuya mai katin shaida har uku, ko ɗaya ba na ƙasar nan ba. Ya cire tsofaffin layuka, ya kafa sabon santiral, wato akwatin da ke raba kira zuwa tebura. Ya haɗa shi da abin da yake kira tirank. Sau goma sha ya faɗi kalmar, kowanne sai ya kalli fuskokinmu ya ga ko ta kama mu. Ba wani abu ba ne, hanya ce guda ɗaya tsakanin akwatinmu da kamfanin waya, duk kira ta nan yake shiga ya fita. Kamar ƙofar zaure.

Ni kuma ina kai shayi ina dawowa. Duk ajiye kofi sai na kalli allon kwamfutarsa, in na koma kicin in rubuta a bayan kwalin shayi. Ba don komai ba, hali ne. Kamfanin waya ma sun aiko da takarda mai lambobin haɗawa, ni na sa hannu na karɓa. Da na miƙa masa ya leƙa ta sau ɗaya ya ce, “Ƙanwata, waɗannan a kaina suke. Ina da fayil ɗina da na tsara tun a Abuja, lodawa kawai nake yi.” Na ninke takardar na sa a aljihun tebur.

Kafin ya tafi ya sa ni na ɗauki murya biyu, da Larabci da Hausa. Ɗaya ta maraba, ɗaya ta ranar hutu. Ya kira ciki, ya kira waje, komai ya yi. Ustaz ya ce masha Allah sau huɗu. Muka rufe, Juma'a da Asabar hutu.

Yanzu ga mu a Lahadi.

Na ɗaga kan waya, akwai sauti. Na kira baƙalar ƙasan bene, mai shagon ya ɗaga ya ce me nake so, na ce ba komai. Fita tana fita ke nan. Na juya wajen Layan, wadda ke rubuta takardun kaya a teburin kusa da ni. Ita ma 'yar Hausawa ce, haifaffiyar nan, tana jin Hausa tas amma in ta zo yi sai ta riƙa tsince ta kamar ƙaya a kifi.

“Layan, ara min wayarki.”

“Lesh? Me ya faru?”

“Ofis zan kira.”

“Kina cikin ofis, ya majnuna.”

Na kira. Wayar da ke gabana ba ta motsa ba. A kunnena kuwa wata mata mai ladabi ta ce, “Assalamu alaikum. Yau ranar hutu ce, ofishinmu a rufe yake. A sake kira ranar aiki.” Ta faɗa da Larabci, ta maimaita da Hausa, ta kashe.

Ni ce. Har da ɗan tarin da na yi kafin “a sake kira”.

Na zauna da wayar a hannu. Tun ƙarfe takwas ke nan ina zaune a kujerar nan ina jiran asibiti, muryata kuma tana bakin ƙofa tana sallamar mutane.

Ban sha wahalar gane abin ba. Fayil ɗin Abuja. A can Asabar da Lahadi ake hutu. Akwatin bai san ya hau jirgi ba.

Na buga ƙofar Ustaz Abdulbaƙi. Shi ma asalinsa kamar mu ne, iyayensa Hausawan Sudan, a unguwar Karantina ya girma kafin ya yi ofis. Amma a ofis Larabci kawai yake yi. In ɗan kasuwa ya yi masa Hausa sai ya ɗan karkata kai, kamar mai jin wata waƙa da ya taɓa sani yana yaro.

“Ustaz, kira ba ya shigowa.”

“Na lura da natsuwa yau,” ya ce, yana juya cokali a kofi. “Muhandis Nuraddeen ya ce sabon tsarin yana da hankali. Yana tace kiran banza.”

“Ya tace duka.”

Na sake kira da wayar Layan na sa masa a kunne. Ya saurari muryata har ƙarshe, ya dube ni kamar ni na shiga akwatin na kulle kaina.

“Ke kika ce a rufe muke?”

“Ranar Alhamis na faɗa. Akwatin ne ya ɗauka yau Lahadin Najeriya ce. In da baswod a hannuna, minti biyu ne.”

“Baswod na muhandis ne, ya binti. Kowa da aikinsa.”

Ya kira Injiniya. Injiniya ya ce yana wajen wani babban kwastoma, yana tafe. Daga bayan muryarsa ina jin mai sayar da waken fuul yana tambayar a sa yaji ko kar a sa.

Kafin ya zo na gwada kiran asibitin da kaina. Na'ura ta ɗaga, ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, ta ce masu jiran aiki su jira a kira su. Da ma haka suka gaya mana: mu za mu neme ku. Na kalli agogon bango. Goma saura biyar.

Sha ɗaya saura ashirin ya shigo, da kwat ɗinsa, da ƙanshin turare da na albasa.

“Ranka ya daɗe, calm down,” ya ce wa Ustaz. “Ƙanwata, shayi. Kar a cika sukari.”

Na kawo shayin, ban koma ba. Ya buɗe kwamfuta a teburina, ya rufe madannai da hannu ɗaya ya buga baswod da ɗayan, kamar a bakin na'urar banki. Shafin tirank ya buɗe. Akwai ɗan ɗigo a gefen sunan kamfanin waya, kore shar.

“Ka gani, ranka ya daɗe? Kore. Daga ɓangarena komai lafiya. Matsalar daga kamfani ne.”

“Injiniya,” na ce, “ba tirank ɗin ba ne. Jadawalin ranaku ne. Kira yana shigowa, akwatin ne ke tura shi wajen saƙon hutu.”

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaron da ya ce shi ma zai tuƙa mota.

“Wa ya gaya miki?”

“Ni na gaya wa kaina. A waya.”

Layan ta yi tari a bayan takarda.

“Ƙanwata, wannan abin shekara huɗu na yi ina karantarsa. Ba abin da ake hasashe ba ne. Akwai layers.” Ya jera hannu sama da sama don mu ga yadda suke.

“To buɗe jerin kiran da suka shigo, a gani.”

Ya buɗe, don ya kunyata ni. Lambobi suka zubo, sun fi sittin. Idona bai tsaya a kan ko ɗaya ba sai da ya kai wadda na haddace tun wata bakwai. Tana nan sau biyu. Ɗaya an rubuta shida da minti arba'in. Ɗaya takwas da kwata.

Sau biyu. Saura ɗaya.

Na kalli agogon da ke saman shafin.

“To ga shi nan,” in ji Injiniya. “Mutane na kira tun shida na safe. Wa zai ɗaga musu? Ai dole su ji a rufe.”

“Dubi agogon da ke saman shafin.”

Ya duba. Tara saura minti takwas. Na nuna masa na bango. Sha ɗaya saura minti takwas.

“Awa biyu,” na ce. “Agogon Abuja ne. Da shi da ranakun duk tare suka zo.”

Ustaz ya kalli bango, ya kalli allo, ya kalli Injiniya. A nan ne mutum mai sauƙin kai zai ce kai, haka ne, ya danna wuri biyu a wuce. Amma an faɗa a gaban mai ofis, kuma mai shayi ce ta faɗa. Na ga wuyansa ya kumbura a cikin kwala.

“Agogo ba ya hana kira shiga,” ya ce. “Wannan alama ce kawai. Asalin ciwon yana can ƙasa, a tirank. Ku ba ni wuri.”

Ya koma shafin da ke lafiya lau ya fara yi masa magani.

Ina tsaye ina kallo. Akwai wata lamba ta ƙofar da kira ke bi, dubu biyar da sittin, ya mayar da ita da sittin da ɗaya. Akwai wurin zaɓar yadda ake ƙunshe murya, iri biyu masu kama da juna, mai A da mai U. Takardar kamfani ta ce mai A. Ya ɗora mai U a sama ya cire ɗayan, ya ce shi Amurka ke amfani da shi. Ya goge adireshin kamfanin ya sake bugawa daga kansa, wannan kan da ya ce komai na ciki. Ya danna ajiye.

Ɗigon ya yi ruwan ɗorawa. Ya daɗe a haka. Ya koma ja.

Na ɗaga kan waya na kira baƙala. Babu ko sauti. Da safe ƙofa a buɗe take, maigadi ne ke korar baƙi. Yanzu an toshe ƙofar da bulo.

“Yawwa,” in ji Injiniya, gumi na bin gefen kunnensa. “Yanzu matsalar ta fito fili.”

Sha ɗaya da minti goma. Ya canza wani abu, ja. Ya mayar da wani abin daban, ja. Ya kashe akwatin ya kunna, muka yi minti huɗu muna kallon fitilu suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ja. Ya fara magana da allon da Turanci, a hankali, kamar mai lallashin akuya ta fito daga rami.

Ni ina lissafi. Na farko tara saura ashirin a agogonmu, na biyu goma da kwata. Tazarar awa ɗaya da rabi ke nan da 'yan mintoci. In matar asibitin mai tsari ce, na uku zai zo wajen sha biyu saura kwata ko bayansa kaɗan. In ba mai tsari ba ce, ƙila ya zo ya wuce a cikin jan nan, kuma ko a jeri ba zai fito ba.

Umma ta ce min da asuba, tana laluben murfin fulas, “In sun kira ki ce musu kowace rana ma na yarda.” Makon jiya ta zuba gishiri a shayi ta shanye, don kar in gane.

Sha ɗaya da minti ashirin da takwas Injiniya ya miƙe ya gyara kwat.

“Zan kira babban ofishin kamfanin, in yi magana da manyansu kai tsaye. Kar kowa ya taɓa.”

Ya fita matattakala. Ƙofarmu ba ta rufuwa sosai. Muna jinsa ƙasa-ƙasa: “Badaru, don Allah ɗaga... Badaru, kana coci ne ko gida? Au, kana barci? Tashi, wannan abin da ka saita min...” Babban ofishin ke nan.

Kwamfutar tana buɗe a teburina. Kujerata ce ma. Ustaz na tsaye a kanta, hannu a baya.

“Ustaz, ka bar ni in gyara.”

“La. Ya ce kar a taɓa.”

“Ina da lambobin. Ga takardar kamfani, ga abin da ya sa ranar Alhamis.” Na ciro takardar daga aljihun tebur, na ciro kwalin shayi daga jaka.

Ya kalli kwalin. “Me aka rubuta a iƙamarki, ya Sadiyya?”

“Mai shara.”

“To. In ya lalace a hannunsa, akwai kwangila, akwai wanda zan kama. In ya lalace a hannunki, wa zan gaya wa? In ce mai shara na ba wa? Kwastomomi za su sake kira gobe. Ba a mutu ba.”

Duk wannan da Larabci yake faɗa, Larabcin ofis mai guga. Gaskiyarsa kuma, ta ɓangarensa. Saura abin da ban so faɗa ba.

Na yi masa Hausa. Ban taɓa yi masa ba a cikin ofis.

“Kawu, na yi laifi. Na ba asibiti lambar nan ba da izininka ba. Aikin idon Umma ne. Sau uku suke kira, biyu sun wuce, sha biyu suke rufewa. In ya wuce, sai wata bakwai kuma, idon hagun ba zai jira ba. Ka kore ni bayan azahar in ka so. Yanzu dai ka matsa.”

Bai karkata kai ba. Layan ta daina buga takarda.

“Lambar ofis,” ya ce, “ba ta gidanku ba ce.”

“Na sani.”

“Ya Ustaz, haram,” in ji Layan. “Khala Azumi... ido nata, halas, babu.”

Ya juya. “Wace Azumi?”

“Ta bayan masallacin Karantina,” na ce. “Mai ƙosai.”

Agogo ya ce sha ɗaya da talatin da huɗu.

“Mai ba da gyara biyu,” ya ce. Da Hausa. Hausa ce garau, ta cikin lungu, ba ƙaya ko ɗaya. Sai ya gyara shimagen da ya yafa a ka ya koma Larabci. “Zan shiga in yi alwala. Ina daɗewa a alwala. Ban san abin da ake yi a teburin nan ba.”

Azahar da saura kusan awa guda. Ya shige.

Na zauna.

Adireshi tukuna. Na ɗora yatsa a kan takarda ina bi lamba-lamba. Kan Injiniya ya juya biyu, ya sa talatin da ɗaya inda ake son sha uku. Na gyara. Ƙofa, dubu biyar da sittin. Murya, na dawo da mai A na cire mai U, Amurka ta yi haƙuri. Na duba kwalin shayi, na duba allo. Akwai wani akwati da ya sa wa alama wanda ranar Alhamis babu alama a kansa. Ban san aikinsa ba, har yau ban sani ba. Na cire. Na danna ajiye.

Ruwan ɗorawa.

“Yalla,” in ji Layan a bayana. “Yalla, yalla.”

Ruwan ɗorawa. A matattakala Injiniya na cewa, “A ina zan ga wannan ɗin? Hagu ko dama?”

Kore.

Ban tsaya murna ba, kore muke da shi tun safe. Na nemi shafin jadawali. Bidiyon da na kalla na wani irin akwati ne daban, wurin ba ɗaya ba. Na buɗe shafi, ba shi ba. Na buɗe wani, ba shi ba. Sha biyu saura sha takwas. Na uku ne. Ga su a jere, Litinin zuwa Juma'a da alama, Asabar da Lahadi fayau. Har da hutun ɗaya ga Oktoba ya zo mana da shi, kyauta. Na sa wa Lahadi alama, na cire ta Juma'a. Na je agogo na ɗauke shi daga Legas na kawo shi Riyad. Ajiye.

“Kira,” na ce wa Layan.

Ba ta kai ga dannawa ba wayar ta fashe da ƙara.

Abin da ban lissafa ba ke nan. Layi takwas Injiniya ya sayo mana, kuma mutum sittin ne ke ta kira tun safe ana ce musu hutu ne. Fitilu suka kama gaba ɗaya, teburina, na Layan, na ofishin Ustaz. In takwas ɗin suka cika, na tara zai ji a kame.

“Ɗaga ki kashe,” na ce. “Duk lambar da ba ta ƙare da huɗu huɗu bakwai ba, ki ce a sake kira, ki kashe.”

Na ɗaga na farko.

“Ke Sadiyya! Wane irin hutu ne ranar Lahadi, ko kun koma—”

“Hajiya, bayan azahar.” Na kashe.

“Salamu alaikum, kwalayena guda—”

“Bayan azahar, Alhaji.”

Layan na can tana yi da Hausarta: “Ba yanzu, ba'adain, kai haƙuri,” tana kifewa. Wani dattijo da ke aika dabino Yamai shekara ashirin, wanda ko Ustaz tsaye yake gaishe shi, na katse shi a tsakiyar sallama. Allah Ya yafe min, shi dai bai yafe ba tukuna.

Injiniya ya shigo da gudu, waya a kunne. Ya ga fitilu, ya ga ɗigo kore, ya ga ni a kujera. Ya sauke wayar a hankali ya sa a aljihu.

“Yawwa,” ya ce. “Sun gyara daga can. Na gaya musu su yi sauri.”

Sha biyu saura tara. Saura bakwai. Kiran ya fara raguwa, ina kallon ɗan allon wayar har idona ya fara ruwa. Na fara tunanin ya riga ya zo lokacin ja. Na fara shirya yadda zan gaya wa Umma, in ce sun ɗaga zuwa wani watan, ita kuma ta yi kamar ta yarda, kamar shayin gishiri.

Saura huɗu. Huɗu huɗu bakwai.

Na ɗaga tun ƙarar farko ba ta ƙare ba.

“Alo, Areej ce daga asibitin ido. Iyalan Azumi Usuman?”

“Na'am. 'Yarta ce.”

“Alhamdu lillah. Sau biyu ina kira wata tana ce min hutu kuke. Har na ɗauki biro zan tsallake.”

“Sabuwa ce,” na ce. “An sallame ta.”

“Laraba mai zuwa, bakwai na safe. Kar ta ci komai daga tsakar dare, ki zo da iƙamarta da takardar gwaji. Kun karɓa?”

“Mun karɓa.”

Na rubuta a kwalin shayi, ƙarƙashin lambobin, don shi ne a gabana. Na ajiye kan waya.

Ustaz ya fito daga alwala, hannunsa a bushe ƙarau. Injiniya ya tare shi da bayani, yadda ya matsa wa manyan kamfani, yadda irin wannan kan faru a makon farko, zai rubuto rahoto. Ustaz ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

“Masha Allah, ya muhandis. Kafin ka tafi, rubuta baswod ɗin a takarda.”

“Ranka ya daɗe, ka'ida ba ta yarda a ba—”

“Ba kowa za ka ba wa ba. A aljihun teburin nan za a ajiye. Saboda shara.”

Ya rubuta. Na leƙa. Sunansa ne, da kalmar injiniya a gaba, da ɗaya biyu uku.

Da zai shige ofishinsa Ustaz ya tsaya a gefena, bai kalle ni ba. “Laraba ba ki da aiki. Lambar ofis kuma, wannan ne na ƙarshe.” “Dattijon dabino, ke za ki kira shi ki ba shi haƙuri. Ni ba zan iya ba.”

Na ari wayar Layan na kira maƙwabciyarmu, ta kai wa Umma.

“Sun kira?”

“Sun kira. Laraba.”

“To madalla. Ba a sha wahala ba dai?”

Na kalli Injiniya, yana tattara igiyoyinsa, katunan wuyansa na karo da juna.

“A'a,” na ce. “Akwai injiniya a wurin.”

Wayar ofis ta sake ɗaukar ƙara. Hajiyar abaya ce, ta ce ita a agogonta azahar ta yi.